Bakaniken da Ya Cika Sauri

Shagon gyaran injin jirgi da ke bakin ruwan Warra na marigayi Alhaji Dudu ne. Da ya rasu sai ya faɗa hannun ɗansa Sadiq, ma'aikaci a Abuja, mutumin da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe sifana ba. A shekarar da aka buɗe shagon intanet a Yelwa ya aiko mana da sabon tsari: an daina ciniki da baki, awa za a riƙa sayarwa. Kowane aiki a rubuta ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka gama, mai inji ya biya gwargwadon lokacin. Ya buɗe wani jadawali a intanet, gida-gida kamar gurbin dara. Ni Christiana mai rubuta rasit aka ɗora wa wahalar shiga mota duk Asabar in je Yelwa in zuba lambobin, shi kuwa yana can cikin sanyin ofis yana kallo.

Bakanikai biyu ne a shagon. Ɗangana ya shekara ashirin da biyu a wurin, kuma da kunne yake aiki. A ja igiya sau ɗaya, inji ya yi tari, ya riga ya san ciwon. Kafin masunci ya gama gaisuwa an ɗora masa injinsa a kafaɗa. Ɗanjuma kuwa, Allah ya ba shi haƙuri ya hana shi basira. Sai ya kwance inji kaf ya baza, ya tafi cin abinci, ya dawo ya tsaya yana kallon ƙarafan kamar baƙi. In ya haɗa kuma sai noti biyu sun yi saura, ya jefa su a gwangwani ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci.

To, ga abin da jadawali ya gani a watan farko: Ɗanjuma awa ɗari da arba'in, Ɗangana talatin da ɗaya.

Sadiq ya bugo waya yana huci. Ya ce shago ba zai ci gaba da ciyar da malalaci ba, ƙarshen wata mai zuwa wanda awanninsa suka fi kaɗan ya kama gabansa. Na yi ta bayani cewa rabin injinan da Ɗanjuma ya gyara dawowa suke yi, Ɗangana ya ƙarasa su cikin minti goma. Ya ce lamba ba ta ƙarya. Asabar da ta zagayo na rubuta bayanin a gidan ƙarshe na jadawalin, ina zaune ina kallo haruffan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa daga Abuja. Raina ya ɓaci har na manta canjina a wurin mai shagon intanet ɗin.

Da na gaya wa Ɗangana, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya tambaye ni ko akwai gidan da ake rubuta injin da bai sake dawowa ba. Na ce babu. Ya ce to. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai, biyu suna sakandare, ba shi da gona ba shi da komar kamun kifi.

Litinin da safe sai ga Hansatu mai fataucin kifi, an biyo ta da injin jirginta a baro. Tun zamanin Alhaji Dudu nan take kawo gyara, kuma sauri take yi ta tsallaka ta sayi kifi kafin 'yan Yelwa su riga ta. Ɗangana ya ja igiya. Na ga fuskarsa, ya gane. Kai, ko ni da nake rubuta rasit na gane filogi ne, aikin minti biyar.

Bai ɗago kai ba ya ce ta bar shi, ta dawo jibi.

“Jibi hwa, Malam Ɗangana? Kai da kaka jin ciyon inji tun daga bakin ruwa?”

“Tsuhwa ne, Hajiya. Kunnen ya mutu.”

Ta yi salati, ta yi masa jaje da zuciya ɗaya, har ta ce za ta kawo masa wani man ɗigawa daga Yauri. Ni kuwa na duba agogo na rubuta takwas da kwata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Awa goma sha ɗaya injin nan ya ci, Hansatu ta biya, kasuwar makon ta wuce ta. Ban taɓa jin kunyar rubutuna irin ta ranar ba.

Ƙarshen wata Ɗangana ya tashi da awa ɗari da sittin. Sadiq ya ce ashe shagon zai iya riƙe mutum biyu, ya kuma yaba wa kansa a kan yadda tsari ke gyara ma'aikaci. Ba a kori kowa ba.

Sai dai Hansatu ba ta iya riƙe labari, ta baza wa duk bakin ruwa don a tausaya masa. Yanzu masunta in sun zo sai su matso dab da kunnensa su ƙwala masa gaisuwa, sannan su juya gefe, a gabansa, su ce wa juna Allah sarki, da can gwani ne. Yana jin su sarai. Sai ya sunkuya ya ci gaba da kwance inji.