Harshen Majemi

Ranar da na kai wa Baba abinci majema na ga abin da ke cin bakinsa. Yana durƙushe bakin ramin jima, ruwan ciki shuɗi kamar an kaɗa bula. Ya tsoma yatsa, ya kai harshe, ya mutsa baki, ya tofar.

"Baba, me kake yi?"

"Aikina. Ajiye kwanon can, ki kula kar ki taka ruwan nan."

Ni an hana ni takawa, shi kuwa yana lasa.

Tun zamanin kakanmu da harshe ake gane jiƙon bagaruwa. Majemi zai ɗanɗana, in bauri ya kama masa baki to ruwa ya yi ƙarfi, sai a zuba fatu. Bara ne Baffa, ƙanen Baba, ya kawo wani garin sinadari a buhu, ya ce shi ke jeme fata nan da nan, masu saye sun gaji da jira. Aka kife turmin dakan bagaruwa. Ruwa ya canza, amma yatsan Baba bai daina zuwa baki ba.

*

Inna ta daɗe tana dafa masa magungunan gyambon baki, tana cire barkono daga miyarsa. Da na gaya mata abin da na gani, ta ajiye ludayi. Sai da Baba ya shigo da yamma, Baffa na biye da shi, ta tare ƙofa.

"Malam, buɗe bakinka ƙanenka ya gani."

Baba ya harare ni. Na sunkuyar da kai. Da ya buɗe, harshen ya yi fari, gefensa duk ya tsattsage.

Baffa ya yi dariyar yaƙe. "Haba Yaya, da kofi ake auna sinadarin nan. Wa ya ce ka lasa? Kai akuya ne?"

"Wa ya ce kar ya lasa?" in ji Inna. "Kai da ka kawo, ka taɓa tsoma hannunka a ciki? Fito da shi daga aljihu mu gani."

Baffa bai fito da shi ba. Ya ce, "In kun koma bagaruwa, kafin fata ɗaya ta jemu masu saye sun tafi wani wuri."

"Su tafi. Sauri ya haifi nawa."

Baba ya so ya yi magana, zafi ya hana shi. Ya ɗaga hannu kawai, aka bar maganar.

Washegari likita ya haska bakin, ya ce Baba ya rabu da ruwan nan. Inna ta tambaya ko harshen zai dawo daidai. Likita ya ce a dai sha magani a gani.

*

Da gyambon ya warke, Baba ya tayar da turmin da kansa. Ni da Inna muka daka bagaruwa har tafin hannuna ya yi kanta. Aka jiƙa a sabon rami, ruwan ya yi ja kamar shayi. Fatu na jere a gefe suna jira. In ruwan ya gaza za su ruɓe, in ya yi yawa su ƙandare, kuma duk majemar ba wanda ya san tsakaninsu sai Baba.

Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗanɗana. Muna kallon bakinsa.

Ya sake. Sai ya cika tafin hannu ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe, sannan ya tofar a hankali.

"Ya yi, Malam?" Inna ta tambaya.

Bai ɗago ba. Ruwan na ɗiga daga gemunsa.

"Kun tabbata kun zuba bagaruwar?"