Koriyar Fitilar Inna

Koriyar fitilar da ke kan tagar Malam Barau ta ƙi kamawa. Gari ya waye tangararan, kokonsa ya huce har ya yi fata, shi kuwa yana tsaye ya ƙura wa ɗan akwatin robar ido kamar mai gadin tukunya.

"Yau ma?" in ji matarsa Ummussalma daga tsakar gida.

"Yau ma." Ya ja dogon tsaki, ya shiga jefa kayan aiki cikin jaka.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Birnin Kudu, amma inda zuciyarsa take shi ne haɗa 'yan na'urorin rediyo masu aika wa juna saƙo ba tare da layin waya ba. Da can wasa ne kawai, abin ƙona yatsu da dalma da cika wa Ummussalma ɗaki da guntayen wayoyi. Daminar bara wasan ya zama gaske. Mahaifiyarsa, Inna Mairama, ta kwanta zazzaɓi a ƙauyensu na bayan duwatsu, can wajen Wurno inda sabis ba ya leƙawa, har ta kusa cikawa bai ji ba. Ba za ta aika a kira shi ba ko za ta mutu, don shi ne ɗan fari. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In magana ta kama dole, sai ta kau da kai ta gaya wa bango.

Sai ya haɗa na'ura uku. Ɗaya ya ajiye a ɗakinta mai madanni, da batir da ɗan faifan sola a kan rufi. Ɗaya ya ɗaure a ƙololuwar tsamiyar kan dutse, ta karɓi saƙo ta miƙa gaba. Ta ukun ita ce ta tagarsa. In Inna ta idar da sallar asuba ta danna, fitila ta yi kore, ya san ta kwana lafiya. Abin ya yi aiki ƙwarai, hankalinsa ya kwanta, har zuwan da yake yi duk mako ya koma na wata-wata, daga baya ma sai in ta kama.

Daga nan ne fitila ta fara tsiya. Ranar farko ya figi babur a guje zuwa ƙauye, ya tarar da Inna garau tana ɓarar gyaɗa, wayar batir a tsinke. "Ɓeraye," ta ce wa bango. Ya zura wayar cikin tiyo, aka datse ta har da tiyon. Ya kawo mage, mage ta yi ƙiba ta haihu, waya ta ci gaba da tsinkewa. Har tsamiyar ya sake hawa don ya cire zargi, cinnaku suka yi masa sakiyar da ba ruwa a banza. A zuwan ƙarshe ya saka wayar cikin bututun ƙarfe, ya ɗage ta can kusa da azara, ya yi rantsuwa an gama.

To ga shi yau Talata, ɗalibansa na jiran darasi, ya sake zuwa gaban shugaban makaranta yana sosa ƙeya. Haushi ya ishe shi. Duk ramin da babur ya faɗa a hanya, sai ya tsine wa ɓeran duniya.

Da ya isa ƙauye ya sami Inna zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Yau kam ya kasa haɗiyewa.

"Inna, na gaji. Wallahi na gaji. Duk ranar da fitilar nan ta ƙi kamawa, tahowa nake ina tunanin ko gawa zan tarar. Ga aiki na baro. Wane irin ɓera ne wannan da ya fi ƙarfin ƙarfe?"

"A ce da mutumin birni ya sha ruwa tukuna," ta ce.

Bai sha ba. Ya kutsa ɗaki yana huci, ya ɗaga kai. Bututun na nan lafiya lau. Ɗan wurin da waya ta fito za ta shiga akwatin batir, wanda bai kai tsawon yatsa ba, nan aka yanke. Ya jawo bakin wayar ya duba da kyau. Ba tauna, ba sawun haƙori. Yanka ne sumul a karkace, irin wanda ake yi wa kuɓewa. Ya sauke ido ƙasa, sai ga turmi an kife shi a jikin bango, daidai ƙarƙashin wurin.

Ya leƙa ta ƙofa. Inna ta yunƙura za ta kawo masa fura, tana ɗingishi, idon sawunta a kumbure an shafe shi da man shanu.

Kunya ta rufe shi. Tsohuwa mai jikoki ta taka turmi da wuƙa a hannu, har ta faɗo, don dai bakinta ba zai iya cewa "zo in gan ka" ba. Sai ya mirgina turmin waje, ya kwance bututun, ya sauko da wayar daidai gefen gadonta. Bai liƙe ta da dalma ba. Ya sa mata ɗan soket mai sauƙin zarewa, ya danna madanni ya tabbatar saƙon ya wuce.

Ya fito ya zauna a bakin tabarma, ya karɓi ƙwaryar fura da hannu biyu. Shi ma sai ya juya ya fuskanci bango.

"Wannan karon ko taɓa ta aka yi kaɗan za ta zare, kuma a mayar ba wuya. Ɓera ba sai ya yi hawa ba. Sai dai ina roƙon arziki, ranakun makaranta suna ba ni wahala."

Inna ta gyara bakin zanenta.

"Ɓerayen garin nan," ta ce wa bango, "dama ranar Asabar suka fi ɓarna."