Ƙafar Keken Ummu Ziyad

Abu Ziyad ya ajiye guntun ƙarfen a kan teburin shagon, ya rufe shi da tafin hannu kamar mai ɓoye abin kunya.

"Ɗaga hannunka in gani," in ji Abu Hanna, mai shagon kayan walda, wanda suka yi firamare tare a nan Irbid. Ya juya guntun, ya dubi bakin karayar, toka-toka, tsaki-tsaki kamar gishiri. "Ƙarfen zubi ne. Wannan ai ƙafar keken ɗinki ce. Kai tsoho, ba dai na Ummu Ziyad ba?"

"Jansa na yi in samu wurin ajiye injina. Ya kife."

"Allah ya jiƙanka. Ka yi zamanka lafiya da mutane."

Abu Ziyad bai yi dariya ba. Tun da ya bar tuƙin bas ya koyi walda don hannunsa ya samu abin yi. Ya ƙera rumfar inabi, ya gyara ƙofofin maƙwabta kyauta, har ya fara jin kansa. Keken kuwa na mahaifiyar matarsa ne. Da shi ta fito gudun hijira daga Nablus, ta bar gado da tukwane a can. Ita Ummu Ziyad tana Zarƙa wurin 'yarsu da ta haihu, yau da la'asar za ta dawo da yadin da za ta ɗinka wa jaririyar riguna.

"Ba ni sandar walda ta nikel," ya ce.

"Ta ƙare. Sai Alhamis za a kawo daga Amman."

"Duba ƙasan kanta mana. Ko guda ɗaya."

Abu Hanna ya jawo kwalaye, yana karanto lambar da ke gindin kowace sanda. "Ga 6013, ta kowa da kowa, ta ƙofa da taga. Ga 7018, ta manyan ƙarafan gini. Babu wadda ta san zubi a cikinsu. Ka jira Alhamis."

Wani da ke zaune a bakin ƙofa ya sa baki. Irin mutanen nan ne da ba a rasa su a shago, waɗanda ba su taɓa riƙe abin da ya fi kofin gahawa nauyi ba.

"Haji, ƙarfe ai ƙarfe ne. Wuta ba ta tambayar sunansa. Liƙa abinka ka shafa fenti, mata ba sa duba ƙasa."

Abu Ziyad ya san ba haka ba ne. Ya san zubi sai an ɗumama shi, a ɗiga masa nikel kaɗan-kaɗan, a binne shi cikin yashi ya huce don kansa. Amma ya hango matarsa tsaye a ƙofar ɗaki da yadi a hannu. Ba faɗa za ta yi ba, da ma faɗan ne da sauƙi.

"Ba ni 6013."

"Ni dai ban sayar maka ba," in ji Abu Hanna, yana naɗe su a takarda. "Ɗauka ka yi ina kallon titi."

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, waldar ta kwanta sumul. Bai taɓa yin mai kyanta ba. Ya cire gilashin fuska, ya kankare dattin, har ya fara tunanin inda ya ajiye baƙin fenti. Sai ya ji tas! Ƙarar ba ta fi ta kofin shayi da aka zuba wa ruwan zafi ba. Tsagar ta tashi daga gefen waldar, ta haura sama, ta ratsa gurbin da matakin juya keken ke zama. Yana taɓawa, gurbin ya rabu uku a hannunsa.

A nan Ummu Ziyad ta same shi. Ta ajiye jakarta da ƙunshin yadi, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa. Ba ta dubi waldar ba. Ɗaya ƙafar ta shafa, ta kankare fenti da farce, sai ga jar waya an naɗe ta tam.

"Wannan a hanya ta karye, da iyayena ke fitowa daga Nablus, kafin su haye gada," ta ce. "Baba ya ɗaure ta da waya. A haka aka ɗinka kayan aurena, da na Ziyad. Ba ka taɓa gani ba?"

"Ban taɓa duba ƙasa ba."

"Da ka bar mini ita yadda ta karye, Abu Ziyad. Akwai sauran wayar a cikin aljihun keken."

"Alhamis nikel zai zo," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta dubi gutsattsarin da ke hannunsa. "Ka liƙa me da shi?"

Ta jawo kujerar da ya ƙera bara, ta zauna, ta warware yadin a cinyarta, fari mai ƙananan furanni. Ta ɗaga allura wajen haske, ta gwada, ta sake gwadawa. Sannan ta miƙa masa allurar da zaren.

"Zura mini. Idona ba ya gani."

Ya goge baƙin hannunsa a jikin riga, ya karɓa.