Ranar da Aka Ƙara wa Baba Girma

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, kuma mahaifina na gani a ciki, marigayi Alhaji Zubairu Tanimu. Malamin firamare ne shi kafin siyasa ta ɗauke shi. Ya yi kansila, ya yi ɗan majalisa, ya riƙe ministan noma har sau biyu. Ɗan mazan jiya ne na ƙin ƙarawa, duk sabon abin da aka kawo masa sai ya ce a bari ya kwana tukuna. Ni kuwa jam'iyyar adawa na shiga, wata rana a wurin gangami na karɓi lasifika na ce zamaninsa ya wuce. Bai sake yi mini magana ba har Allah ya karɓi ransa, shekara goma sha ɗaya ke nan a tsakani.

A mafarkin, na tsinci kaina da hantsi a wani gari inda ruwa yake tsatsowa daga ƙasa yana tafiya sama. Mutane suna riƙe da lema a juye, suna kare ƙafafunsu, fuskokinsu a bushe.

Sai ga ni a ma'aikatar noma. Awaki ne ma'aikatan. Wata jar akuya mai tabarau ta raka ni wurin babban sakatare, wani dattijon bunsuru da yake sa hannu a takarda sannan ya cinye ta. Cikin natsuwa ya bayyana mini cewa a ƙasarsu da minista ake fara aiki. In mutum ya yi ƙoƙari a ɗaga shi zuwa ɗan majalisa, sannan kansila, ƙololuwar girma kuma ita ce malamin aji ɗaya. Takardar ƙarin girman Baba zuwa malami ta fito, amma ya ƙi tashi daga kujerar minista. Ga ruwa yana ta ɗaga ginin, kafin azahar zai tafi da shi sama, har da wanda yake ciki.

"Kai ne ɗan adawa," in ji bunsurun. "Tayar da minista aikinka ne."

Na sami Baba a ofis cikin farar babbar rigarsa. Kujerar ta yi saiwa ta kama daɓen. Ta taga na hangi kan bishiyoyi ya dawo ƙasa da mu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, sai ya ce wa akuyar ta gaya wa wannan baƙon cewa shi bai taɓa barin wuri don an ce ya bari ba, kuma maganar ƙarin girma a bari ta kwana.

Na ce masa ba za ta kwana ba, ginin tafiya yake yi. Ya ci gaba da jan carbi. Daga nan na rasa hujja, sai na faɗi abin da na daɗe ina riƙe da shi.

"Baba, abin da na faɗa ranar gangami, ka yafe mini."

Ya juyo ya dube ni sosai.

"Ba ƙarya ka yi ba," ya ce. "Lasifikar ce ta yi yawa. Da a zaure ka same ni, da na ji."

Ya miƙo hannu. Na kama na ɗaga shi, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar faifai. Ya ce in bi a hankali, kada hularsa ta faɗi.

Sai ga mu a gindin tsamiya, ga baƙin allo an jingina. Ɗaliban duk tsofaffin ministoci ne, sun tattare manyan riguna sun zauna a ƙasa. Baba ya naɗe hannun riga, ya shafa alli a yatsunsa yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na tsaya daga baya, don ni ba ɗan ajin ba ne. Ya buɗe rajista ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, sai ya rufe littafin, ya ɗaga kai.

"Munzali."

Na ce, "Na'am, Baba."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni, an fara niƙan wake. Matata Rakiya tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, tana tambayata wa nake amsa wa.