Kifin Baɗi

Da farcen babban yatsana na tsaga cikinta, 'yar karfasa, kifin da ba ta kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Na matse hanjin a tafin hannu, na kusanto da shi ido. Laka. Ba tsutsa, ba ƙwaro, ko ɗigon gansakuka babu. Na tsaga ta biyu, ita ma laka.

"Kai, jama'a!" na ce, alhali ba kowa a bakin kududdufin sai ni da wata balbela mai jiran in kauce.

Haka mahaifina ya koya mini duba shekara. In damina ta yi kyau, kogi kan hau ciyawar fadama ya kwanta wata uku cur. 'Ya'yan kifi su shige cikin ciyawar, su ci tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, kafin ruwa ya janye sun kai faɗin tafin hannu, su koma kogi da ƙarfinsu. Bana kuwa ruwan ya makara, da ya zo kwana ashirin kacal ya yi, masu madatsar ruwa can sama suka rufe abinsu ko sallama babu. Kogi ya ja da baya, ya bar dubban 'ya'yansa a wannan kududdufi, duk kai ba jiki, suna haɗiyar taɓo don yunwa.

Aikina in kwashe su a bokiti in kai su kogi, taku ɗari huɗu zuwa, ɗari huɗu dawowa. Ba wanda ya sa ni. Da mu bakwai ne masu yi. Huɗu suna kabari, biyu sun sayar da jiragensu sun tafi birni gadi. Saura ni kaɗai, da sunan da matan unguwa suka laƙaba mini, wai Ungozomar Kifi. Su kuwa nasu aikin jan gidan sauro cikin ruwa, abin da ko ƙwan kifi ba ya bari. Sau nawa na bi su da sanda? Har sun daina gaishe ni. Oho dai.

*

Da la'asar na tarar da Auta a ƙofar ɗaki, ƙaramar 'yarta kwance a cinyarta. Auta ita ce ta rage mini cikin 'ya'yana. Shekara guda ke nan da dawowarta, tun da mijinta ya rasu danginsa suka tattara abin da ya bari, suka bar mata yara mata biyu.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Me suka ce a asibitin?"

"Wai wata huɗu ana auna nauyinta, sikeli bai motsa ba." Ta yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Malamar ta ce in riƙa ba ta kifi. Jikar masunci fa ake cewa a nemo wa kifi."

Na jingine komata ta kamun kifi a bango. Kwana tara ina jefa ta, ban kama abin da zai rufe gindin tukunya ba.

"Baba, waɗannan da kake zubarwa a kogi..."

"Ba zubarwa nake yi ba."

"To, waɗanda kake kaiwa. Ko rabin bokiti ne ka kawo mana in shanya in daka mata."

"Ke Auta, kifin baɗi ne. In muka cinye su yau, baɗi me za mu kama? Tsakuwa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ɗaga hannun yarinyar, siriri kamar tsinken tsintsiya, ta sake shi ya faɗa kan zanenta.

"Ita wannan za ta kai baɗin?"

Wallahi da uwarsu na da rai, da ita za ta amsa, ni in fita abina. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ina jin kaina bare a gidan da na gina da hannuna.

*

Washegari baya ya riƙe ni, ban fita ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Tun daga nesa na jiyo hayaniyar mata. Raina ya ɓaci, na ƙara sauri ina ɗingishi.

"Ku fita! Ku fita, marasa tsoron Allah! Wane irin mutane ne ku?"

Su biyar ne cikin kududdufin, ruwa iya gwiwa. Yau ba su gudu ba. Suka zuba mini ido, sannan suka juya suna kallon ta ƙarshensu. Auta ce. Ta ɗaure zane a ƙirji, tana riƙe da gefe ɗaya na gidan sauron da aka ba ta a asibiti, ɗaya gefen a hannun maƙwabciyarmu.

Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma saki ba. Ta ce wa maƙwabciyar, "Mu je," suka ci gaba da ja.

Na tsaya, sandata a sama. Abin da idona ya gani shi ya fi komai ƙona mini rai: ba ta iya ba. Ban taɓa koya mata ba. Ta ɗaga hannuwa da yawa, bakin ƙasa na gidan sauron ya tashi daga taɓo, kifayen suna zurarewa ta ƙarƙashi abinsu. Haka za ta yini cikin rana ta koma gida da abin da bai cika cokali ba. Da na yi shiru kawai, da rabinsu sun tsira.

Na ajiye sandar. Na tuɓe takalmi na shiga ruwan.

"Sauke hannunki," na ce. "Bakin ƙasan da yatsan ƙafa ake danne shi. Matsa."

Ta matsa. Na danne, na ce su ja a hankali zuwa gaɓa. Ina jin ƙananan suna bugun ƙaurina, suna neman hanya, ni kuwa na san duk inda za su bi, na toshe.

Shekara hamsin ina su, ban taɓa yin ja mai kyau irin na ranar ba. Ko ɗaya bai tsira ba.