Tanadin Cajin Mai Agogo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ƙidaya wa kowane rai numfashinsa, bai kuwa sanar da kowa adadin ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Karo na huɗu ke nan Mai Agogo yana ajiye hantsaki ya ɗauki wayarsa ya duba. Kashi talatin da ɗaya. Da hantsi, da ya buɗe rumfarsa a bakin kasuwa, tana kan saba'in.

Kwana uku da suka wuce kamfanin waya ya aiko da saƙo cewa duk wanda bai sabunta layinsa ba za a rufe masa. Dattijon ya je ya tsaya a sahu, aka ba shi sabon sim mai ɗauke da lambarsa ta dā. Tun daga ranar wayar ta koma rariya. Cajin da ke kai shi kwana biyu ba ya kai shi la'asar, bayanta kuma sai zafi kamar mai masassara.

Da a wata rana ce da bai damu ba. Amma yau da safe 'yar ƙanensa ta kira shi daga gari mai nisan kwana biyu a mota.

"Baffa, Baba yana asibiti. Yakan farfaɗo na ɗan lokaci, sai ya koma. Jiya ya ce yana so ya ji muryarka. Da ya buɗe ido zan kira ka."

Shekara bakwai rabon da ya yi magana da ƙanen nan nasa. Ranar da aka binne mahaifiyarsu, a gaban mutane, ya ce masa rashin kulawarsa ce ta ƙarasa ta. Magana zarar bunu ce. Ƙanen ya ɗauki jakarsa ya tafi, shi kuma girman kai ya hana shi bin sa.

An ɗauke wuta a kasuwa tun asuba. Sai ya tsallaka zuwa rumfar da ke fuskantar tasa, wurin mai gyaran waya da kowa ke kira Injiniya.

"Baba, ai tsohuwa kuka sa tseren gudu," in ji Injiniya yana juya wayar a hannu. "Sabon layi sabis mai sauri yake nema, ita kuwa baiwar Allah sai haki. Ku bar mini ita, in janareto ya tashi in gyara saitin, in duba batirin. Gobe ku karɓa."

"Gobe?"

"To wa zai kira ku, Baba? Ko amarya kuka yi ba mu sani ba?"

Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya. Da ya faɗa, da Injiniya ya zare sim ɗin ya sa a tasa wayar, magana ta ƙare. Amma Mai Agogo shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira in rigima ta tashi tsakanin 'yan'uwa. Shi ke karanta musu hadisin mai yanke zumunci, su sunkuyar da kai. Yaya zai buɗe baki ya ce shi ma yana da ƙane, kuma shekara bakwai ba sa gaisawa?

"Ba kowa," ya ce. "Kawo abata."

Da aka idar da azahar saura kashi goma sha biyar. Ya rage hasken allon har sai ya ƙanƙance ido kafin ya ga lambar. Wata mata ta kawo agogon bango, ya ce ta dawo jibi. Ya zauna yana jan carbi, wayar tana kan cinyarsa tana ƙona shi ta cikin riga. Yana shirya abin da zai ce, yana rushewa. Ƙarfe biyu, kashi tara.

Sai idonsa ya sauka kan akwatin gilashi da yake jera agogunan sayarwa. Duk mai wannan sana'a ya san dabarar: agogon da ba a saya ba, jan ɗan maɓallin gefensa ake yi waje, hannu ya tsaya, batiri ya huta, ranar da mai saye ya zo a danna shi ya ci gaba kamar bai taɓa tsayawa ba. Shekara arba'in yana haka, bai taɓa asarar batiri ba. Ya yi lissafi irin na gwani. In ya bar wayar a kunne, kafin ƙarfe uku ta mutu. In kuwa ya kashe ta, yana kunnawa duk rabin sa'a na minti biyu, za ta kai shi magariba, har a samu abin yin doguwar magana. Irin maganar da ke bakinsa ba ta minti ɗaya ba ce.

Ya kashe.

Biyu da rabi ya kunna, shiru. Ƙarfe uku ya kunna, shiru, saura kashi takwas. Har ya ɗan ji daɗin dabararsa. Ya sake kashewa, ya aje agogon hannunsa a gabansa yana kallon dogon hannu yana rarrafe.

Uku da rabi daidai ya kunna. Wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo: an neme shi sau goma sha ɗaya.

Nan take ya kira 'yar ƙanen nasa. Bugu ɗaya ta ɗauka, ya ji kukan mata a bayanta.

"Baffa, ina ka shiga?"

"Ba ni shi. Maza ba ni shi."

"Uku da minti biyar ya farka. Garau, Baffa, har ya nemi ruwa. Na yi ta kira, shi da kansa ya karɓi wayar ya kara a kunne. Matar kamfani tana ta cewa wayarka a kashe take."

"Me ya ce?"

Ya sake tambaya.

"Don Allah, 'yata, me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Yaya bai huce ba. Ƙyale shi.' Sai ya juya fuska bango ya yi kalmar shahada."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji dattijon. Ya maimaita sau uku. A tsallake Injiniya ya samu janareto ya tashi, yana ɗaga masa hannu yana nuna caja da fara'a.

"Yana nan kusa da ke?"

"Yana nan. An lulluɓe shi."

"Kai wayar kunnensa."

"Baffa, ai ya riga ya..."

"Na sani. Kai."

Ya ji motsin mayafi, sannan ya ji shirun da bai taɓa jin irinsa ba. Duk jawabin da ya wuni yana tsarawa ya watse. Ya dafa teburin aikinsa da hannu ɗaya, ya sunkuya kamar mai raɗa.

"Ɗan'uwa, ni ne. Wallahi ba fushi ba ne. Caji nake ajiye maka."

Ya ci gaba da magana, wayar kuwa ba ta mutu ba. Abin da ya tanada ya ishe shi har ya gama.

Allah Ka jiƙan wannan mamaci, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanar da shi abin da bai ji ba a duniya. Ka jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Mai karatu kuma, Allah Ya sada shi da nasa tun ana jin juna, Ya sa mu cika da imani. Amin.