Gadar da Ta Ƙi Zama

Shekara talatin da ɗaya Idris ya yi yana gyaran lif a otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami. Da gwiwa ta ƙi, aka sallame shi da agogon bango. Tun daga nan ya addabi gidansa na Ka'akiyya. Fanka mai lafiya sai ya kwance ta, ya ɗaura, ya sake kwancewa.

Sai aka ba 'yarsa Hadil, ɗalibar injiniya, aikin ƙarshen shekara: ƙaramin samfurin gada mai ɗagawa. Hasumiya biyu, tsakiyar gadar ta tashi sama sambal jirgin ruwa ya wuce, ta sauko ta zauna. An haura shekara ɗari ana gina irinta a ƙasashe masu koguna. Makka ba ta da ko kogi ɗaya, amma malaman ba su damu ba.

"Wannan ai lif ne," in ji Idris. "Igiya, wili a sama, nauyi a ɗaya gefen."

"Baba, don Allah kar ka taɓa."

Ranar da za ta gabatar, tana fita lacca da safe ya taɓa. Nauyin nata gwangwani biyu ne da ta zuba wa notuna. Ya jinjina su, ya yi tsaki, ya ƙara daga akwatin aikinsa.

Bayan azahar ta dawo ɗaukar samfurin, direba na jira a ƙasa, masu jarrabawa na zama ƙarfe uku. Ta danna makunni. Gadar ta tashi kamar da wasa. Wajen saukowa sai ta tsaya a iska, saura yatsa biyu ta zauna.

"Ya Baba, esh sawwet? Me ka yi mini?"

"Gyara na yi. Nauyin ɗaya gefen ya kai na lif, sannan a ƙara rabin nauyin fasinja. Ƙa'ida ce."

"Wane fasinja? Sai an tsare motoci take tashi! Ba kowa a kanta!"

Idris ya leƙa cikin gwangwanayen. Ya je taga, ya dawo. Direba ya danna hon.

"Guda nawa kika zuba tun farko?"

"Takardar lissafin tana jami'a. Kai guda nawa ka ƙara?"

Bai ƙirga ba. Bai taɓa ƙirgawa ba, da hannu yake ji.

Ya durƙusa kan gwiwar da ta kore shi daga aiki, ya sa yatsa ƙarƙashin gadar, yana cire noti ɗaya nan, ɗaya can. Hon ya sake tashi. Hadil na ta zagaye shi da mayafi a hannu. A cirewa ta tara gadar ta danne masa yatsa. Ya zare, ta zauna ƙas.

"Ta ɗan rinjayi nauyin," ya ce. "Haka ake so?"

"Haka ake so."

Ta sungumi samfurin ta yi ƙofa.

"Ke, riƙe shi a miƙe, igiyar za ta goce daga wili!"

"Khalas, Baba, ya isa!" ta ce daga matakala. Amma ta miƙe shi.